Inda Baffa Bakari Ya Sauka

Duk wanda ya saba bin lungunan Gwallaga ya san rumfar Baffa Bakari mai igiya. Tana jingine da katangar wani ƙaramin masallaci, tsakanin mai gyaran Keke Napep da shagon tela. Igiyoyi ne rataye ko ta ina: ta ɗaure tunkiya, ta guga, da ɗangwalin da ake jera maruƙa a jikinsa. Shi kuwa yana zaune a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, ya maƙale bakin igiya a babban yatsa yana tufka. Dogo ne siriri, ya ba shekara saba'in baya, kuma malafarsa mai jan baki ba ta rabuwa da kansa ko a inuwa. Maganarsa kaɗan ce. Idan ka yi masa tambaya, sai ya gama murza abin da ke tafin hannunsa kafin ya amsa, ko da gobara ka zo faɗa masa.

Sai dai ba igiya ce ta kai sunansa Darazo da Ningi da Alkaleri ba. An fi saninsa da sanin masauki.

A daji aka haife shi, a bayan shanu ya girma. Tun yana saurayi, idan damina ta ja baya aka fara maganar tashi, shi ake turawa gaba ya dubo inda za a sauka. Yakan yi kwana biyu ko uku yana tafiya shi kaɗai, daga shi sai sanda da goran ruwa. Ba ciyawa kaɗai yake dubawa ba, wannan ai kowa ya iya. Yana taka ƙasa ya ji ko tana riƙe ruwa ta ɓata wa shanu kofato. Yana zama a bakin rafi da la'asar ya ga irin ƙudan da ke tashi. Yana lura da nisan gonakin mutane, da yadda mai gona ke amsa sallama. Kuma ba ya cewa wuri ya yi sai ya ga ta inda rana ke ɓullo masa, domin kowace safiya sai an duba dabbobi ɗaya bayan ɗaya kafin a sake su. A kan wannan dokarsa guda ce, ya kuma koya wa duk wanda ya yi kiwo a ƙarƙashinsa: ka tsaya a inda hanya ta matse, inda dole su rage sauri, rana kuma tana bayanka. A nan ne za ka ga wadda ta kwana da ɗingishi da wadda idonta ke ruwa.

Ciwon huhun shanu ne ya raba shi da daji. A damina biyu garken da ya gada ya koma abin da bai kai a kira shi garke ba. Ya miƙa ragowar ga ɗan wansa Hammawa, ya ɗauko matarsa A'i da yara ya shigo Bauchi. Ya ɗan taɓa gadi bai ji daɗinsa ba, ya ce tsaron abin da ba ya numfashi wahala ce kawai. Daga nan ya koma tufka, abin da a ruga ba a ma ɗauke shi sana'a ba.

Mutanen daji kuwa ba su manta da shi ba. Duk wanda ya shigo gari, ko jinya ta kawo shi, ko shari'a, ko rakiyar maniyyaci, rumfar nan yake fara nema. Ya gaisa, ya sha ruwa, sai ya ce, “Baffa, ina za mu sauka?” Bakari ya dube shi, ya dubi mutanen da ke bayansa, ya ci gaba da tufka. Can sai ya yanke. Mai tsohuwar da ba ta jure hayaniya, Inkil yake tura shi, gidan wani manomi mai faɗin tsakar gida. Mai jinya ya nema masa zaure kusa da asibiti. Wanda ya ga idonsa na rawa, irin samarin nan da gari ke ɗauke wa hankali, sai ya damƙa shi gidan liman, inda ake rufe ƙofa da an idar da isha'i. Ba ya karɓar komai, kuma ba a yi masa gardama. Wani Ɗanlarai daga wajen Soro ya taɓa yin kunnen uwar shegu da shawararsa, ya kai iyalinsa wani masauki a bakin tasha. Kwana ɗaya suka yi kuɗin cizo ya koro su, kuma har yau idan ya zo gaisuwa sai tela ya tambaye shi ko ya daina susa.

Da aka buɗe sabon filin jirgi can wajen Durum, aikin Bakari ya ƙaru. Da can filin yana cikin gari, ka taka da ƙafarka ka je. Yanzu kuwa tafiya ce mai ɗan tsawo a mota, sai tambayar ta rabu biyu: a kwana a gari ko a kwana a can? Bai amsa wa kowa ba sai da ya hau motar haya ya je ya zagaya wurin da ƙafarsa, wuni guda cur. Ya leƙa ƙauyukan da ke kewaye. Ya biya rugar Hammawa, wanda a shekarun nan yake yin damina a bayan shingen filin. Ya kuma san wani Elias, tsohon soja daga kudancin jihar, wanda ya gina ɗakuna uku na baƙi a bakin mararrabar da ake barin babban titi a nufi filin. Ya dawo da hukuncinsa. Masu rakiya su kwana a gari, su yi ban kwana a tsanake, da safe a ɗunguma tare. Masu tarya su kwana a can, don lokacin saukar jirgi ba a hannun kowa yake ba, kuma akwai ciwo mutum ya sauko daga doguwar tafiya ya waiga bai ga nasa ba. Shekara da shekaru a kan haka ake tafiya. Shi kansa bai taɓa raka kowa ba, bai kuma taɓa taryen kowa ba.

'Ya'yansa biyar ne. Huɗu yana kiran sunansu har da tsawa: Mansir, Sauda, Bintu da Abdulsalami. Ɗayar, wadda ita ce ta fari, ba a taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Rabi'atu ake kiranta. A al'adar gidansu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a zuba masa ido. Ana yaye ta aka miƙa ta ga yayarsa, Goggo Matta, wadda ke aure a Tirwun. A can ta tashi, a can ta yi makaranta, daga can aka kai ta ɗakin miji. Idan magana ta kama dole, Bakari yakan ce “yarinyar nan ta wajen Matta.” A'i kuwa ko wannan ba ta iyawa, sai dai ta ce “wance” ta kau da kai.

Kada wani ya ɗauka rashin so ne. Wanda bai tashi a cikin abin ba ne yake wannan tunanin. Ranar da Rabi'atu ta gama makarantar koyon aikin jinya, Bakari ya wuni yana tufka igiya ɗaya yana warwarewa. Mai gyaran keke ya tambaye shi ko lafiya, ya ce ramar ce ba ta da kyau. Duk sanda Hammawa ya aiko da man shanu, sai ya raba biyu ya tura rabi Tirwun ya ce na Matta ne, alhali duk dangi sun san likita ya hana Matta cin maiƙo. Ita ma Rabi'atu ta riƙe nata ɓangaren yadda ya kamata. Idan ta zo gaisuwa, daga nesa take durƙusawa, mayafi ya sauko har gira, murya ƙasa-ƙasa, ta gaisa ta tashi ta shige wurin ƙannenta. Shekara talatin da tara ana haka, babu wanda ya ga aibu, babu wanda ya yi ƙorafi.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Na hagu ta fara ci, sannan ta taɓa na dama. Tufka ba ta tsaya ba, hannu ya riga ya haddace aikinsa. Amma fuskokin mutane suka fara dushewa kamar an barbaɗa musu toka, idan kuma haske ya fuskance shi, fari fat yake gani. Rabi'atu ta aiko Mansir har sau uku da saƙon cewa aikin cire yanar a asibiti ba wani babba ba ne, a wuni ɗaya ake yi a sallami mutum. Bakari ya ce shi ba za a kai masa wuƙa ido ba, abin da ya gani a duniya ya ishe shi. Taurin kai ne irin na tsofaffi, wanda su suke kira tawakkali.

A ƙarshen wata damina labari ya zo cewa Rabi'atu ta samu aiki a wani asibiti a ƙasar Larabawa, kuma sai ta yi shekara uku kafin ta waiwayo gida. Mijinta Sabitu ya amince, yara za su zauna wurin Matta. Jirgin safe za ta bi ranar Laraba zuwa Abuja, daga can ta wuce.

Ranar Litinin da la'asar ta zo sallama. Ta same shi a tsakar gida da aikinsa a hannu, ta durƙusa daga bakin rariya.

“Baffa, jibi ne tafiyar. Na zo a yafe mini, a sa mini albarka.”

Bakari ya ƙura wa igiyar hannunsa ido kamar yau ya fara ganin igiya.

“Ba ki yi mana komai ba. Allah ya kiyaye hanya. A riƙe salla, a riƙe amanar mutane.”

“In Allah ya yarda, Baffa. Maganar idon nan kuma…”

“An ji.”

Shi ke nan. A'i ta amsa tata gaisuwar ta bayan labule. Rabi'atu ta tashi ta fita, ya bi ƙarar takalminta da kunne har ta ɓace a zaure.

A nan abin ya faɗo masa, kuma ya faɗo da nauyi. Shekara uku. Ya san saurin da yanar nan take yi, ya kuma san shekarunsa. Ya nemi ya kawo fuskarta a ransa, ya rasa. Ya san muryarta, ya san takunta, ya san launin mayafanta. Amma fuskar da yake riƙe da ita ta jaririya ce, wadda ya saci kallonta sau ɗaya a bukka ranar da mata suka tafi rafi. Mutumin da a zamaninsa yake bambance saniya ɗari biyu da fuska, bai san fuskar 'yarsa ba. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda babu wanda za a kai wa ƙara, don babu wanda ya yi laifi. Abu ɗaya yake so yanzu: ya gan ta sau ɗaya, gani na sosai, kafin ta tafi kuma kafin idon ya ƙarasa rufewa.

Bisa dokarsa ta kansa, shi mai rakiya ne, a gari ya kamata ya kwana. Mansir ma ya ce akwai wuri a motarsa. To amma ta yaya zai shiga ayarin da surukai ke ciki, ya je ya tsaya yana leƙen fuskar 'yar fari a gaban jama'a? Ko tunanin abin ma sai da ya sa shi gumi. In ma ya daure ya je, a cikin turmutsitsi da irin idon nan nasa, mayafai kawai zai gani. Mutumin da ya zaɓa wa ɗaruruwan mutane masauki, yau ga shi zai zaɓa wa kansa, kuma dokar tasa ba ta da amfani a gare shi.

Ranar Talata bayan azahar ya naɗe buzunsa, ya ɗauki malafa da sanda. A'i tana tankaɗe a ƙofar ɗaki.

“Malam, ina zuwa haka?”

“Wata saniyar Hammawa ce ba ta jin daɗi. Zan je in duba. Ƙila in kwana.”

A'i ta ci gaba da tankaɗenta. Shekara arba'in da ɗoriya suna tare, kuma ta san rabon da wani ya zo daga ruga an yi sati biyu.

“Allah ya sawwaƙe,” in ji ta. “A dawo lafiya.”

Hammawa ya yi murna har ya rasa inda zai sa shi. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo kindirmo a ƙwarya. Don kada ƙaryarsa ta tashi a banza, Bakari ya shiga garke ya zaɓi wata saniya da lafiyarta ƙalau, ya latsa mata ciki, ya buɗe mata baki, ya ce a ƙara mata kanwa. Daga nan ya ce a nuna masa wuri. Hammawa ya hau da shi wani tudu a bayan ruga, inda ake hango filin jirgin gaba ɗaya.

“Baffa, daga nan har matakalar da suke hawa muna gani,” in ji shi da alfahari. “Da safe sai ka fito ka sha kallo.”

Bakari ya tsaya ya jingina da sanda. Ya tambayi ina ne gabas, aka nuna masa, sai ga shi ita yake fuskanta. Ya tambayi ko ana gane mutum daga nan, Hammawa ya ce ana dai gane mace da namiji. Wurin ya yi wa mai son ganin jirgi. Shi kuwa ba jirgi ne ya kawo shi ba. Ya sauko ya ɗauki buzunsa ya ce gidan Elias zai kwana.

Fuskar Hammawa ta sauya.

“Haba Baffa! Ka tsallake gidanka ka kwana gidan bare? Me za a ce da ni?”

“Ka ce ƙafata ba ta son raɓa.”

Ya san ya ɓata wa yaron rai, abin kuma ya dame shi, don a tsawon rayuwarsa bai taɓa tura baƙo gidan bare ba alhali nasa na kusa. Amma bai yi bayani ba. Ya kama hanya shi kaɗai, sanda na gaba yana biye.

Gidan Elias yana gabas da titin da ke shiga filin. Daidai ƙofarsa an yi wasu tudun kwalta guda biyu a jere don rage gudu, kowace mota sai ta kusan tsayawa kafin ta haye. A gindin wata bishiyar dogon yaro matar Elias ta kafa teburin gwaiba da dafaffiyar gyaɗa, a bayan teburin kuma akwai zana mai ɗan tsagi da benci a jikinta. Bakari ya tsaya ya auna wurin. Hanya ta matse, dole a rage sauri, da safe kuma rana za ta kasance a bayansa. Ransa ya ɗan kwanta.

“Baba Bakari!” in ji Elias yana fitowa da fara'a. “Yau kai da kanka? Wa kake tarya?”

“Ba kowa.”

“To rakiya ne?”

“Ɗaki nake so. Wanda ƙofarsa ke kallon titi.”

“Wannan ɗaki ƙaran mota yana damun mutum fa. Kai ne ma ka ce kar in sa tsoho a ciki.”

“Ni na ce.”

Elias ya dube shi, ya dubi buzun da ke hammatarsa, ya je ya ɗauko mabuɗi. Ya daɗe a bariki, ya san mutumin da ba a ƙara wa tambaya.

Ana idar da sallar asuba Bakari ya fito ya zauna a benci, ya gyara malafa ta rufe masa rabin fuska, ya daidaita idonsa na dama da tsagin zanar. Gari ya waye da sanyin raɓa. Matar Elias ta fito ta jera gwaibarta. Rana ta ɗago ta bayansa, daidai yadda ya lissafa, titi ya yi haske tarwai. Ga motar farko ta zo, ta rage gudu, ta haye tudu.

Bai ga komai ba. Rana ta daki gilashin motar ta dawo masa cikin ido, duniya ta yi fari fat. Ta biyu ma haka, ta uku haka. Sai yanzu ya gane kuskurensa. Dokar da ya yi shekara hamsin yana taƙama da ita ta shanu ce, saniya kuwa ba ta da gilashi. Ya matsa dama, ya matsa hagu, ya sa hannu ya kare, duk ɗaya. Idon ya cika da ruwa don zafin haske. Ga lokaci ya ƙure, babu halin sauya wuri. Tsoho ya ji haushin kansa kamar ya yi kuka.

Da kunne ya gane motar Mansir, don salansarta na da wata ƙara da duk Gwallaga ta sani. Tana tafe wata na biye da ita. Ta rage gudu, ta haye tudun farko, ta haye na biyu. Ya buɗe idon iya ƙarfinsa. Walƙiya ɗaya ya gani, ta wuce.

Ya sunkuyar da kai. Ya fara laluben sandarsa ke nan sai ya ji birki a ɗan gaba, sannan muryar Goggo Matta, wadda ko a ƙuruciya ba ta iya raɗa ba.

“Ku tsaya a saya wa yarinyar nan gwaiba. Can inda za ta ina za ta samu irin tamu?”

Sabitu ya fara maganar lokaci, Mansir ya ce bari shi ya sauka ya sayo.

“Kai ka san gwaiba? Kowa ya zauna inda yake. Ke, sauka ki zaɓa da hannunki.”

Ƙofa ta buɗe. Takun da ya sani ya nufo teburin, ya tsaya. Tsakaninsa da ita bai fi taku huɗu ba, tana fuskantar gabas, rana ta sauka a kanta sosai. Ta gaida matar Elias, sannan ta sa hannu ta ja mayafinta baya har ya bar goshi, ta ce zafi take ji, alhali raɓa ko bushewa ba ta yi ba. Ta fara ɗaukar gwaiba ɗaya-ɗaya. Ta juya wannan, ta shinshina waccan, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ko sau ɗaya ba ta dubi wajen zanar ba.

Bakari ya kalla. Ya kalla yadda bai taɓa kallon ɗan Adam ba. Doguwar fuska ce irin ta mahaifiyarsa, da dogon hanci, da wani ɗan tabo a gefen gira da bai san ranar da ta same shi ba. A bakin ɗankwali ga 'yar furfura ta fara leƙowa. Ashe har furfura ta fara, shi yana nan yana ce mata yarinya.

“Hajiya,” in ji matar Elias da ta gaji da jira, “gwaiba kike zaɓa ko miji?”

Rabi'atu ta yi dariya, dariya ta gaske har da ɗaga kai. Sai ga wushirya a tsakiyar haƙoranta na sama. Bakari ya damƙe sandarsa da hannu biyu. Shekara talatin da tara, ba ta taɓa yin dariya a gabansa ba.

Ta zuba gwaibar a leda, ta sallami mai tebur. Har ta juya sai ta tsaya, ta yi magana da ɗan ƙarfi, idonta a kan teburin.

“Mama, idan kuna da baƙo a gidan nan, wani dattijo, ki ce masa takardar asibitin aikin idon tana wurin Mansir. Shekara uku ba nisa.” Ta gyara riƙon ledar. “Ina so idan na sauko a gane ni.”

Ta mayar da mayafinta ta koma mota. Ƙarar salansa ta yi nisa har ta ɓace.

Matar Elias ta leƙo ta tsagin zana. “Baba, ka ji saƙo?” Sai ta ajiye masa gwaiba biyu a gefen benci. Da hantsi jirgin ya tashi ta saman gidan, Elias ya fito yana nuna masa. Bakari bai ɗaga kai ba. Idonsa a rufe yake, yana tsoron kada farin sama ya goge masa abin da ya gani.

Kafin azahar ya iso Gwallaga. A'i tana zaune a ƙofar ɗaki tana gyaran zogale. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa.

“Ya mai jiki?”

“Kanwa take so.” Ya sha ruwan ya ajiye kofi. “Wa ya gaya wa Matta inda nake?”

“Ni dai na aika mata cewa ka tafi wajen Hammawa da malafarka. Sauran kuwa, duk wanda ya zauna da kai ya san irin wurin da kake tsayawa idan za ka duba abinka.”

Ya zauna a kan turmi, abin da ba ya yi. Kaji na tsattsaga a gindin rariya.

“Na ga yarinyar nan,” in ji shi.

Hannun A'i ya tsaya a cikin zogale. Ba ta ɗago ba.

“Wushirya gare ta.”

A'i ta kai yatsu bakinta. Haƙoran gaban sun daɗe da zubewa, amma a da can akwai wushirya a wurin, wadda samarin ruga uku suka yi ta zancenta har Bakari ya riga su. Ita ce ta haife ta, ta shayar da ita shekara biyu tana kau da kai, kuma ba ta sani ba. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba.

“Sai me kuma?” in ji ta a hankali. “Faɗa mini sauran.”

Ya faɗa mata. Ya fara daga goshi, ya sauko gira da tabon da ke gefenta, da hanci, da furfurar bakin ɗankwali, bai tsallake komai ba, kamar yadda a da yake dawowa daga duba masauki ya zauna ya zayyana wa manya ƙasar da ya gano. Da ya kai ƙarshe ta ce ya sake daga farko, ya sake.

Washegari ya aika aka kira Mansir ya ce ya kawo takardar nan, a sa rana. Mansir ya buɗe baki zai yi magana, uwarsa ta harare shi ya rufe. Da ya tashi tafiya Bakari ya sake kiransa.

“Idan ka bi ta wajen Elias, ka ce masa ɗakin nan mai kallon titi, nan da shekara uku ya ajiye mini shi. Ka ce mu biyu ne, ni da mahaifiyarku. Kuma wannan karon masu tarya ne.”